Regiletar Buwai da Fararen Zabinsa

Duk wanda ya san ƙauyukan da ke bayan Ungogo, can inda gonaki ba su gama zama filoti ba, ya san Buwai. Ko bai taɓa ganinsa ba, ya taɓa jin muryarsa. Gajeren mutum ne mai faɗin kafaɗa, wanda Allah ya ba maƙogwaron da ya fi ƙarfin jikinsa. Yana faɗa da shanun da suka shiga gona, yana faɗa da masu awon fili, yana faɗa da ruwan sama in ya makara, in kuma ya zo da yawa ya sake yi masa wani. Matarsa Rifkatu ta daɗe da daina tanka masa. In ya fara, sai ta ja rariya ta ci gaba da tankaɗe har ya gaji don kansa.

Noma ne sana'arsa kamar ta kowa a wajen, gero da dawa da gyaɗa, da wake a tsakani. Abin da ya raba shi da sauran mutane fararen zabi ne. Gidansu asalinsa na masu bin al'adar kakanni ne, kuma a zamanin da kowane gida yana da launin dabbar da yake ajiyewa saboda iskokin gidan. Nasu gidan farar zabuwa ce. Uwar Buwai sai da ta tsufa ta karɓi baftisma, kuma da hannunta ta fasa tukwanen tsafi ta ƙone layu, amma da aka ce ta yanka zabin sai ta ƙi. Ta ce tsuntsu bai yi wa kowa laifi ba, kuma ita daga hannun uwarta ta karɓe su. Da za ta rasu ta raba wa 'yan'uwansa awaki, shi kuwa ta bar masa zabin. Ba irin masu ɗan farin ƙirji da ake gani a kasuwa ba ne. Waɗannan farare ne sol tun daga wuya har jela, kuma a duk yankin babu mai irinsu sai shi.

Kiwon zabi kuwa ba aikin rago ba ne. Zabuwa muguwar uwa ce, ta yi ƙwai a cikin ciyawa ta manta da shi. Saboda haka Buwai yakan bi sawunta ya kwaso ƙwan ya sa wa kaza ta kwanta a kai. Ranar da suka ƙyanƙyashe kuma yakan ƙwace su daga kazar, domin ita ma ba ta da hankali. Da asuba za ta ja su cikin raɓa, kuma ɗan zabo in ya jiƙe ya gama. Yana da wani ɗan ɗaki a bayan gida kusa da rumbu, a ciki ya gina akurkin ƙasa, nan yake renonsu da ɓarzajjen gero da garar da yake tarawa a tukunya, har su yi gashi su yi ƙwari. A da kaskon gawayi yake sa musu, ya zauna gadi kamar mai jinya, don kada wuta ta mutu ko hayaƙi ya shaƙe su.

Da sababbin gidaje suka matso, aka jawo wutar NEPA ta biyo ta ƙofar gidansa. Buwai ya zagi turakun wutar ɗaya bayan ɗaya saboda sun ci masa gefen gona, sannan ya sa aka jawo masa. Ya rataya babban ƙwan fitila mai ruwan ɗorawa a kan akurkin, irin na da mai zafin nan da ba a taɓawa, aka kuma sa masa makunni mai murɗawa a bango irin na fanka, wanda masu gyaran wuta ke kira regileta. In ya murɗa baya ƙwan ya dushe zafi ya ragu, in ya murɗa gaba ya ƙaru. Bai san komai game da lantarki ba, bai kuma nemi sani ba. Abin da ya sani shi ne bayan hannunsa da kunnensa. In 'ya'yan zabin sun dunƙule suna kuka mai tsini, sanyi suke ji. In sun watse jikin bango sun buɗe baki, zafi ya yi yawa. A rana yakan shiga ya taɓa regiletar nan sau ba adadi, kamar mace mai ɗanɗana miya. Shekara da shekaru haka yake yi, ranar da babu wuta ya koma wa kaskonsa.

Amma birni ba ya barin abin da ya tarar. Inda zabin suke kiwo aka zagaye da bulo. Karnukan sababbin gidaje suka ci nasu rabon, ɓarayi suka ɗauki nasu, wata cuta ta zo ta kwashi saura. A farkon daminar bara zabo ɗaya da zabuwa ɗaya suka rage masa. Zabon, kare ne ya yaga shi da rana tsaka. Zabuwar kuwa, wata tifa mai ɗaukar yashi ta bi ta kanta a kan hanyar da ko shekara biyu ba ta yi da zama hanya ba, direban ko birki bai taka ba. Buwai ya bi motar da gudu ba takalmi yana tsine wa direban da mai motar da mai ginin da ake kai wa yashin, har numfashinsa ya ƙare. Abin da ya rage masa a duniya na wannan iri shi ne ƙwan da ya riga ya sa wa kaza. Allah ya taimake shi suka ƙyanƙyashe, goma sha wani abu, farare kamar auduga. Su ke nan, bayansu babu wasu.

A daidai wannan lokaci ne autansa Japhet ya samu aiki a wani kamfani a Kano. Japhet ɗa ne na kirki, wannan ko Buwai ba ya musu. Tun yana makaranta yake jin zafin ganin uwarsa tana girki da tocila a baki duk ranar da aka ɗauke wuta, ya kuma ci alwashin abu na farko da zai yi wa gidan shi ne haske. Ya cika alkawari. Ya zo a keke napep da faifan sola da batir da ƙananan ƙwayayen fitila farare, da wani mai gyaran wuta ana ce masa Khalilu. Buwai yana gona yana maimai, kafin ya dawo an gama. An sa ƙwan fitila a zaure, a tsakar gida, a ɗakin Rifkatu, a madafa, har da ɗakin zabi.

Su waɗannan ƙananan fitilu ba sa cin wutar NEPA kai tsaye. In an ɗauke wuta batir ne ke ba su. In akwai wuta kuma, wani ɗan akwati ne ke karɓarta ya rage mata ƙarfi sannan ya miƙa musu. To shi Khalilu yana sauri, ana jiransa a wani gini, sai ya duba wayar da ta fi kusa da inda ya kafa akwatin ya jona. Wayar nan kuwa ita ce mai fitowa daga regiletar Buwai.

Da magariba Buwai ya shiga wajen zabinsa, ya sa bayan hannu ya ji zafi ya ɗan yi yawa, ya murɗa baya kamar kullum. Nan take gidan duka ya fara ƙiftawa. Fitilar zaure, ta madafa, ta tsakar gida, duk suka kama kawowa da ɗaukewa da sauri har ido ya yi ciwo, akwatin kuma ya hau ƙugi kamar an taɓo gidan zuma. 'Ya'yan zabin suka firgita suka hau kan juna a lungu, kafin ya raba su ɗaya ya mutu a ƙarƙashi. Ya murɗa gaba har ƙarshe, fitilu suka tsaya cak, amma ƙwan akurkin ya yi zafin da ba za su jure ba. Ya sake murɗa baya, gida ya sake ƙiftawa. A daren nan har masallacin unguwar gaba an ji muryar Buwai.

Ƙaramin ƙwan da aka sa a ɗakin zabi dai ya fizge shi da wayarsa ya jefar a bayan rumbu, zabin suka samu lafiya. Sauran gidan ne bai samu ba. Muddin akwai wutar NEPA, zaɓi biyu ne kawai, ko gida ya yi ta ƙiftawa zabi su rayu, ko gida ya yi haske tas zabi su gasu. Buwai bai ga wani abin shawara a nan ba. Rifkatu kuwa kanta ya yi ta sarawa, ba ta iya tsince tsakuwa a shinkafa, maƙwabta kuma suka samu abin dariya, suna tambayarta yaushe Buwai ya buɗe gidan rawa.

Aka nemo Khalilu da ƙyar. Ya tsaya ya kalli abin ya sosa ƙeya, ya yarda kuskurensa ne. Ya ce tsohon ƙwan nan ba ya zaɓe, duk abin da aka ba shi zai ci, kaɗan ko da yawa. Shi kuwa akwatin ƙananan fitilun ko a ba shi wuta cikakkiya ko a hana shi gaba ɗaya, ba ya karɓar rabi. Bai kamata su haɗa makunni ɗaya ba tun farko. Gyaran ba wuya, a cewarsa, waya ce kawai za a jawo wa akwatin daban daga mita, amma bai zo da ita ba.

"Gobe da safe in sha Allahu, Baba Buwai," in ji shi.

Goben masu gyaran wuta kuwa kowa ya san ta. Mutumin da ake jira a gidajen bene masu ɗaki goma, ina zai tuna da akurkin wani tsoho? Gobe ta zama jibi, jibi ta zama mako, wayarsa kullum a kashe ko tana ƙara ba a ɗauka. Ran nan Buwai ya ɗauko lauje ya nufi akwatin zai yanke komai ya huta. Sai Rifkatu, wadda ba ta tanka masa, ta ajiye rariya ta tsaya a gabansa.

"Maigida, abu na farko ke nan da yaron nan ya kawo da guminsa. Shi za ka yanke ka jefar masa?"

Ya tsaya da lauje a hannu yana huci. Ya yi faɗa, ya ambaci Khalilu da kakannin Khalilu, amma ya mayar da laujen inda ya ɗauko. Ya ce a bar shi, ai saura kaɗan zabin su yi ƙwari, kowa ya sha haskensa.

Japhet kuwa ya riga ya sa ranar addu'ar godiya a gida, saboda aikin da ya samu da hasken da ya kawo. Ya gayyaci Maikano, dattijon ikilisiyarsu, da matan zumunta, da abokan aikinsa daga Kano. Ranar Lahadi ce da yamma. Tun azahar aka yi ruwa mai ƙarfi, gari ya ɗauki sanyi. Buwai, wanda ya shekara yana zagin NEPA saboda ɗauke wuta, ranar nan roƙo yake a ɗauke, don fitilu su koma kan batir shi kuma ya hura kasko. Amma ranar ce NEPA ta ga damar nuna kirki, wuta ta zauna daram tun safe.

Kafin ya fita ya daidaita regiletar a ƙasa, kuma saboda sanyin ya lulluɓe akurkin da buhu ya ɗora tsohon bargo a kai, don ɗan zafin ya zauna a ciki. Sannan ya sa rigarsa ta coci ya tafi ya taho da Maikano, domin dattijo irin wannan ba a aika masa yaro. Suna dawowa magariba ta yi, ya hango gidansa tun daga nesa yana haske fari tas, ba ƙiftawa ko ɗaya. Ya ƙara sauri. Ya ja Japhet gefe a zaure ya tambaye shi wa ya taɓa regileta.

"Khalilu ne ya zo bayan fitarka, Baba. Ya raba wayar."

Buwai ya ji wani sanyi a ransa. Ya so ya leƙa ya gani da idonsa, amma Maikano ya riga ya kama hannunsa, baƙi sun cika tsakar gida, kuma maigida ba ya barin baƙi a tsaye ya tafi wajen tsuntsaye. Ya dafa kafaɗar ɗansa, abin da bai saba yi ba, ya je ya zauna a benci na gaba.

Matan zumunta suka kafa waƙa da tulu da kacau-kacau, suka yi ta yi, wannan ta ƙare wannan ta ɗauka. Abokan Japhet suna ɗaukar hoto da wayoyinsu. Maikano ya miƙe ya yi wa'azi a kan haske, kuma shi mutum ne da in ya ce "a ƙarshe" to yanzu ya kai tsakiya. Ya yabi ɗan da ya tuna da iyayensa, ya nuna fitilun da hannu, mutane suka ce amin. Buwai ma ya ce amin da ƙarfi, har da murmushi. Wannan murmushin shi ne abin da ya fi ci masa rai daga baya.

Sai da aka zo addu'ar rufewa kowa ya sunkuyar da kai gidan ya yi tsit, sannan kunnensa ya tafi inda ya saba zuwa. 'Ya'yan zabi ba sa yin shiru gaba ɗaya, ko barci suke akwai mai ɗan motsi. Bai ji komai ba. Sai kuma hancinsa ya kamo ƙaurin buhu. Ya miƙe a tsakiyar addu'a, bencin ya kife da mutum biyu, ya ratsa ta cikin mata ya nufi bayan gida.

Yana buɗe ƙofar zafi ya buge shi a fuska. Regiletar tana murɗe har ƙarshe. Babu wata sabuwar waya a bango, komai yana nan yadda Khalilu ya bar shi tun ranar farko. Ya yaye bargon, wanda tsakiyarsa ta riga ta yi baƙi. 'Ya'yan zabin suna kwance a jere jikin bangon akurkin, iyakar nisan da za su iya yi da ƙwan, baki a buɗe, fukafukai a shimfiɗe. Ya ɗauke su ɗaya bayan ɗaya yana hura musu iska, yana ɗiga musu ruwa da yatsa. Guda ɗaya ya samu da sauran numfashi. Ya riƙe shi a tafin hannu ya fito da shi iska, ya ɗan motsa ƙafa, shi ke nan.

Ya tattara su a cikin hularsa ya dawo tsakar gida. Addu'a ta tsaya, kowa ya zuba masa ido, waɗanda suka san shi har sun fara ja da baya suna jiran tsawa. Amma muryar da ta fito ƙarama ce, sai na kusa suka ji.

"Japhet, Khalilu ya zo?"

"Bai zo ba, Baba."

Japhet ya faɗi sauran labarin, kansa a ƙasa. Ya ga baƙi sun fara shigowa gida yana ƙiftawa, abokansa har sun fara dariya, kunya ta kama shi. Ya ɗauka tunda ana sanyi, ƙarin zafi na ɗan lokaci ba zai yi komai ba. Hannu kawai ya zura ta bakin ƙofa ya murɗa, bai san an lulluɓe akurkin ba. Ya yi niyyar mayarwa da an gama waƙa, sai hidimar baƙi ta ɗauke masa hankali.

Sai wani daga cikin abokan aikin, mai farin takalmi, ya ce a yi haƙuri, ai zabi ne, ranar kasuwa Japhet zai sayo wasu har su fi waɗannan yawa. Wasu suka gyaɗa kai. Haka mutane suke, abin da ba su rena ba kullum a ganinsu akwai irinsa a kasuwa. A wace kasuwar? Abin da ya bi hannun mata biyu ya iso hannunsa, ya tsallake yunwa da cuta da karnuka da tifa, ya zo ya ƙare a yamma ɗaya don kada baƙi su ga fitila tana ƙiftawa. Kuma ba maƙiyi ne ya yi ba, balle ya san inda zai kai zafin. Ɗansa ne, wanda ya dafa wa kafaɗa ɗazu.

Buwai bai kalli mai farin takalmin ba. Ya ajiye hular a kan bencin da ya tashi daga kai, a gaban Maikano, ya koma ɗakin baya. Jim kaɗan gidan duka ya fara ƙiftawa, akwatin ya hau ƙuginsa. Ya fito ya ce wa Rifkatu a kawo wa baƙi abinci. A haka aka ci, fuskoki suna bayyana suna ɓacewa, ba mai iya kallon wani. Ba a daɗe ba kowa ya tuna yana da uzuri a gida.

Washegari da sassafe sai ga Khalilu a kan babur da naɗin waya a kafaɗa, Japhet ne ya je har gida ya taso shi. Ya tarar da Buwai zaune a ƙofar ɗakin baya. Ya gaishe shi, ya yi masa jaje, ya ce aikin ba zai ɗauki lokaci ba. Buwai ya ce ya gode, ba a bukata. Khalilu ya kalli Japhet, Japhet ya kalli ƙasa, babur ya juya.

Damina ta wuce, an yi girbi, wata daminar ma ta zo. Akurkin yana nan a share, ba komai a ciki. Amma duk yammar da akwai wuta, Buwai yakan shiga ya kunna tsohon ƙwan, ya sa bayan hannu, ya murɗa regiletar baya zuwa inda ya dace, gida ya kama ƙiftawa. Maƙwabta sun daina dariya. Japhet yana zuwa duk ƙarshen mako da cefane, ya gaishe da ubansa, uban ya amsa, ya zauna a tsakar gida a ƙarƙashin fitilun da ya saya har lokacin tafiyarsa ya yi. Bai taɓa roƙon a gyara ba. Maikano ya zo ya yi magana a kan gafara, Buwai ya saurare shi har ƙarshe, ya raka shi bakin hanya, ya dawo ya duba regileta.

Rifkatu ce kaɗai ta tambaye shi kai tsaye. Wata yamma tana tsintar shinkafa ta kasa gani, ta ture farantin ta ce masa yaron nan ya rame, ita ma idonta ya gaji, wai sai yaushe za a bar gidan nan ya yi haske.

Buwai yana tsaye a ƙofar ɗakin baya, hannunsa a kan regileta. Bai juyo ba.

"Sai sun yi ƙwari," in ji shi.